Kafin Ka Sayi Gwanjo, Buzu Ko Fatar Boka

Maigida, wannan takarda taka ce, kai da iyalinka. In ba ka karatun boko, ka ba yaronka ɗan makaranta ya karanta maka bayan sallar lisha. A kira matan gida su ji, gama rabin aikin da ke ciki a hannunsu ya ke.

Ni malamin disfensare ne. Kowace shekara, da zarar an gama kaka, iskar hunturu ta fara busowa, na san irin mutanen da zan tarar a bakin ƙofa da safe. Yara ne masu susa, da mata masu ƙuraje a tsakanin yatsu, da magidanta waɗanda ƙaiƙayi ya hana su barci. In na bi sawun abin, sau da yawa sai in tarar mafarinsa wani bargo ne, ko rigar sanyi, ko fata, da aka shigo da ita gidan. Shi ya sa na ga ya kamata in yi maka bayani tun kuɗin amfanin gona suna aljihunka, ba ka kai su kasuwa ba tukuna.

Ba na ce kada ka sayi kayan hannu ba. Sanyin Disamba da Janairu a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba abin wasa ba ne, sabon kaya kuwa ba kowa ke iya sayensa ba. Yaron da ya kwana ba mayafi shi ma yana cikin haɗari. Abin da na ke so shi ne ka san abin da ka ke saye, da wurin wanda ka ke saye, da abin da za ka yi masa kafin ya taɓa jikin kowa.

IRI HUƊU NA KAYAN HANNU

Na fari, gwanjon dila. Wannan shi ne tufafin da mutanen Turai da Amurka da Sin suka sa suka bari. A kan tara su, a danne, a ɗaure da ƙarfe, a ɗauko a jirgin ruwa. 'Yan kasuwarmu su kan saro a Kano, musamman a Ƙofar Wambai, su kasa a kasuwanni irin su Sara da Babaldu da Basirka. A cikinsu akwai rigunan sanyi masu gashi a wuya ko a ciki, da huluna, da barguna.

Na biyu, kwance. Watau tufar da wani mutum na nan kusa ya tuɓe ya sayar, ko dillaliya ta shigo da ita gida.

Na uku, buzu da agalemi da warki, fatun tumaki da awaki waɗanda a ke salla a kai, ko a zauna, ko a shimfiɗa wa yaro.

Na huɗu, fatun da bokaye da masu kasa magani ke sayarwa: guntun fatar kura, ko ta biri, ko ta kyanwar daji, da kambu da guru, da rigar layu irin ta mafarauta wadda aka ɗinka wa fatu masu gashi.

Mutane da yawa sun fi tsoron na fari, don daga nesa ya zo, ba a san mai shi ba. Amma a wajen likita haɗarin yana ƙaruwa ne daga na fari zuwa na huɗu. Ga dalili.

ƘAZUWA

Ƙazuwa ba daga jini ta ke fitowa ba, ba kuwa cin gyaɗa ko kifi ke kawo ta ba. Wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane ƙwarai, ba a ganinsa sosai sai da madubin likita. Macen ta kan haƙa rami a cikin fatar mutum ta yi ƙwai. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Ƙurajen su kan fito a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da cibiya, da ƙugu, da al'aura. Jarirai kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da kai.

Babbar hanyarta ita ce jiki ya taɓa jiki, kamar masu kwana a shimfiɗa ɗaya. Amma tana bin tufa da mayafi. In ƙwaron ya rabu da jikin mutum ba ya wuce kwana 2 ko 3 da rai. To, ka ga rigar da ta yi makonni a cikin dila a kan teku, ƙwaron ƙazuwar da ke ciki ya daɗe da mutuwa. Bargon da mai shi ya kwana a ciki jiya, ya sayar maka yau, shi ne abin tsoro. Haka kuma rigar da mutum goma suka gwada a kasuwa kafin kai.

Wani abu da ke ruɗa mutane: wanda bai taɓa yin ƙazuwa ba ya kan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara susa. Kafin nan an manta da bargon.

Wata shekara wani magidanci ya kawo mini 'ya'yansa uku. Da na tambaya sai na ji mutum tara ne ke susa a gidan. Uwargida ta ce amarya ce ta yi musu sammu, don ɗakin amarya ne kaɗai abin bai shiga ba. Har an kai magana gaban mai unguwa, amarya ta yi yaji. Na ce da shi, me aka shigo da shi gidan nan wata biyu da suka wuce? Ya yi shiru, can ya tuna ya sayi bargo da araha a hannun wani ɗan ci-rani mai neman kuɗin mota, ya ba yaran uwargida suna rufa. Amarya ba ta da ɗa tukuna, yaran ba sa kwana a ɗakinta. Aka yi wa gidan duka magani rana ɗaya, har da maigidan da amarya, aka dafa tufafi, abin ya wuce. Amma sai da aka yi wata guda ana biko. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada ka raina ƙazuwa. In yaro ya sosa har ya ji ciwo, waɗansu ƙwayoyin cuta su kan shiga, wurin ya yi mugunya. Daga nan ciwon ya kan taɓa ƙoda. In ka ga yaro mai ƙuraje fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ko ya yi ja kamar ruwan shayi, ka kai shi asibiti ran nan. Saboda irin wannan ɓarna ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa a cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017.

KWARKWATA, KUƊIN CIZO DA MAKERO

Kwarkwatar tufa ba a jikin mutum ta ke zaune ba. Gidanta ɗinkin riga ne. Nan ta ke liƙa ƙwanta, farare ƙanana, ta fito ta sha jini ta koma. Ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin mako 1 zuwa 2. Tana son wanda ya jera riguna don sanyi, ya yi kwanaki bai tuɓe ba. Riga mai gashi kuwa ta fi kowace ba ta wurin ɓuya.

Kakanninmu sun ga aikinta. A 1921 wata annoba ta tashi a ƙasar Gini, zazzaɓi mai komowa, wanda ya kan kama mutum kwanaki, ya sake shi, ya sake dawowa. Ta biyo ta Mali da Nijar, ta shigo Arewa har ƙasar Kano, ta wuce Cadi, ta kai Darfur a 1926. Ta kashe mutane masu yawan gaske. Kwarkwata ce ta ɗauke ta daga gari zuwa gari a cikin tufafin matafiya. Cutar tana shiga ne in mutum ya murƙushe kwarkwata a jikinsa, sa'an nan ya sosa wurin. Har yanzu ana samun wannan zazzaɓi a Habasha.

Kuɗin cizo ba a san shi da ɗaukar cuta ba, amma yana hana barci, kuma ya kan yi watanni bai ci kome ba bai mutu ba. Saboda haka shi kam yana iya zuwa a cikin dila, ko katifa, ko bargo. Alamarsa ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ɗinki.

Makero shi ne tabon nan mai zagaye kamar kwabo, mai ƙaiƙayi a baki-baki. In a kai ya fito ya kan cinye gashin yaro. Irinsa yana daɗewa watanni a cikin hula, da wuyan riga, da gashin fatar dabba. Hular sanyi ta hannu tana iya kai shi kan yaro.

CIWON SAIFA

Duk waɗanda na ambata a baya wahala ce. Wannan kuwa kisa ne, kuma a fata ya ke ɓoye.

Makiyaya sun san ciwon saifa. Saniya ko tunkiya tana kiwo lafiya, sai a wayi gari ta faɗi. Cikinta ya kumbura da sauri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura. Ƙwayar cutar, in ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri. A cikin wannan ɓawo ta kan yi shekaru da yawa a ƙasa, ko a busasshiyar fata, ko a gashi. Rana ba ta kashe ta, gishiri ba ya kashe ta, sabulu ba ya kashe ta. Ko jima ba a dogara da ita ta kashe ta duka.

In ta shiga ta inda mutum ya yanke ko ya kurje, cikin kwana 1 zuwa 7 sai wani ƙurji mai ƙaiƙayi ya fito, kamar cizon ƙwaro. Ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, kewayensa ya kumbura ƙwarai. Abin yaudara shi ne ba ya zafi, sai mutum ya ce ba kome. In ba a yi magani ba, ya kan kashe har mutum 1 cikin 5. In an zo da wuri, kusan kowa yana warkewa. Wanda ya shaƙi ƙurar fatar, wajen kankara ko kaɗewa, nasa ya fi muni, gama huhu ta ke kamawa.

Kada ka ce wannan labarin dā ne. A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gonar dabbobi kusa da Suleja, a Jihar Neja. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York na Amurka ya kamu da shi daga busassun fatun awaki da ya kawo daga Kwaddibuwa, ya sha da ƙyar. A 2008 wani mai irin wannan sana'a ya mutu a London ta Ingila. Ka ga nisan tafiya da daɗewa ba su kashe cutar ba.

Saboda haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. A sanar da malamin dabbobi da dagaci. A ƙone ta, ko a binne a rami mai zurfin ƙafa 6. Akwai allurar rigakafi ta dabbobi, ana yin ta a Vom, a Jihar Filato, kowace shekara a ke yi wa garke.

FATAR BOKA

Yanzu ka tambayi kanka: fatar da boka ya ba ka, daga ina ta fito?

Mahauci yana yanka a gaban jama'a, da lafiyar dabba. Majemi yana da unguwa, an san gidansa. Amma wanda ya shimfiɗa tsumma a gefen kasuwa, ya jera kawunan birai da guntayen fatu, ba ya gaya maka asalinsu. Kura da biri da kyanwar daji ba a kiwonsu. Ko dai an harbe, ko an sa musu guba, ko an tsinci mushe a daji. Galibi ba a jeme su, shanyawa kawai a ke yi, da sauran nama a jiki. Sa'an nan su yi shekaru suna yawo a cikin jaka ɗaya, daga hannu zuwa hannu, beraye suna bi ta kai.

Rigar layu da guru kuwa, wani ya sa su kafin kai, ya yi gumi a ciki, wataƙila shekara da shekaru. Ba a taɓa wanke su ba, don an ce in ruwa ya taɓa maganin ya karye.

Ka lura da wannan magana da kyau, don a nan yaudarar ta ke. Mai gwanjo ba ya hana ka wanki. Majemi ba ya hana ka dubawa. Amma boka ya kan kafa maka sharaɗi: kada ka wanke, kada ka buɗe, kada ka cire ko da dare, kada ka gaya wa kowa, kada ka haɗa da maganin asibiti. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan shi ya ke karewa, ba kai ba. In abin ya ba ka ƙuraje, ya ce ciwon ne ke fita. In ciwon ya yi tsanani, ya ce ka karya doka. Ran kasuwa mai zuwa kuma ba ka ganinsa.

Ko kuɗinka ma ba ka san abin da suka saya ba. Zakin da ya rage a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a dazuzzukan da gwamnati ke tsaro. To, ina a ke samun fatar zaki a kowace kasuwar ƙauye? Fatar akuya da ta kare, in an rina an yanka ƙanana, wa zai gane? Wannan shi ne cinikin biri a sama. In kuwa ta gaske ce, to ka sani tun 1985 akwai dokar ƙasa da ta hana cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa da fatunsu.

An taɓa kawo mini jaririya 'yar wata 5, wuyanta ya saɓule yana ruwa, jikinta zafi rau. Da na ɗaga haɓarta sai na ga tsirkiyar fata mai gashi, an ɗaura mata don haƙori. Nono da yawu da gumi sun jiƙa ta, ta yi wari, ta ci naman wuyan. Kakar ta ce an hana cirewa. Na roƙe ta, na ce a rataye a bakin ƙofa in ba za a yar ba. Aka wanke ciwon, aka ba da magani, cikin mako guda yarinya ta warke, haƙoranta kuma suka fito a lokacinsu. Fatar jariri ba ta da ƙarfi. Kada a ɗaura masa kome a wuya, ko a ƙugu, balle kusa da cibiyar da ba ta warke ba, gama ta nan sandarewar jarirai ke shiga.

Har wa yau akwai ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a watan Satumba na 2017, a Jihar Bayelsa. Ana ɗaukarta daga namun daji irin su beraye da kurege da birai, musamman wajen feɗewa, kuma tana bin tufa da shimfiɗar wanda ya yi ta. 'Yar'uwar agana ce, wadda aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 1980. Tufar wanda ya kwanta da ƙuraje masu ruwa, kada a sayar, kada a ba da sadaka, sai an dafa.

Game da buzu kuma, ka tambayi limamin garinku. Littafin Risala da a ke karantawa a zaurukanmu ya hana salla a kan fatar mushe ko an jeme ta, ya kuma hana sayar da ita. A nan maganar malami da ta likita sun zo ɗaya: ka san dabbar, ka san an yanka ta.

ABIN DA BA YA BIN TUFA

Don kada tsoro ya yi yawa: ƙanjamau ba ya bin riga. Farfaɗiya, da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon daji, ba sa bin riga. Tarin fuka ta numfashi a ke ɗauka. Tufar mamaci, in an wanke ta yadda zan faɗa, ba ta da laifi, maraya ya sa abinsa.

A KASUWA

1. Ka yi ciniki da rana tsaka, ba da almuru ba.

2. Ka sayi kaya wurin mai rumfa wanda aka sani, wanda za ka iya komowa ka same shi. Baƙon da ke gaggawa, kayansa kuma sun cika araha, ka bar shi. Araha ba ta ado.

3. Ka juya rigar ciki waje. Ka duba ɗinkin wuya, da hammata, da ƙugu, da kalmasa. Ka nemi fararen ƙwai, da ɗigon baƙi, da tabon jini ko mugunya.

4. Kada ka gwada a kan fatar jikinka. Ka auna da igiya daga gida. Hula kuwa kada a ɗora wa yaro sai an wanke.

5. Kamfai da singileti da tawul, a daure a sayi sabo.

6. In riga mai gashi ce, ka buɗa gashin ka ga gindinsa. In saƙa ka gani, gashin roba ne, yana wankuwa. In fata ka gani, na dabba ne. In kana shakka, ka tsinke sili biyu ka kai wa ashana: na dabba ya kan yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na roba ya kan narke ya dunƙule.

7. In buzu ne, ka lanƙwasa. Jemamme yana da laushi, bayansa a kankare, yana ƙanshin bagaruwa. Wanda ya yi ƙarau kamar faranti, ko yana wari, ko gashin yana tsigewa in ka ja, ko asu ya ci, ka bar shi.

8. Ka tambaya: wa ya yanka, wa ya jeme? Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Mafi kyau duka, ka kai fatar ragon layyarka ko na suna wurin majemi da kanka.

A GIDA

Kada kayan su shiga ɗaki ran da aka sayo. A ƙulle a leda, a ajiye a waje.

Tufar auduga da zanen gado: a tafasa ruwa a babbar tukunya, a zuba kayan, a bar su minti 10. Zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe ƙwaron ƙazuwa, tafasa kuwa ta gama da kwarkwata da kuɗin cizo har ƙwansu. Sa'an nan a wanke da sabulu, a ɗauraye, a shanya a igiya, ba a ƙasa ba. In sun bushe a goge da dutsen guga mai zafi, a bi ɗinki a hankali ciki da waje.

Bargo da rigar gashin roba: a jiƙa a ruwa mai zafin da hannu ba ya jurewa, a wanke da sabulu, a shanya kwana 2 ana juyawa. Kada a sa musu dutsen guga, narkewa su ke yi.

Buzu da riga mai gashin dabba: ba a dafa su, fatar ƙanƙancewa ta ke yi ta lalace. A sa a baƙar leda, a ɗaure bakin tam, a riƙa ajiyewa a rana, har mako 2. Wannan ya isa ƙazuwa da kwarkwata su mutu da yunwa. Bayan nan a fito da shi bayan gida, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a juya wa iska baya, a taje gashin, a sake dubawa ko akwai kuɗin cizo. A goge da ruwa mai ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa, a murza ya yi laushi. Amma ka tuna, duk wannan ba ya kashe ciwon saifa. Fatar da ba ka san asalinta ba, ba ta da wanki. Kada ka kaɗe ta, ka ƙone ta.

Abu biyu kada a yi. Kada a fesa wa tufa fiya-fiya ko maganin feshin gona, guba ne mai shiga ta fata, ya kan kashe yara. Kada kuma a sa kafur a cikin kayan jariri, gama ya kan fasa jinin waɗansu jarirai, su yi shawara mai tsanani.

IN ABIN YA RIGA YA SHIGA GIDA

Ku zo disfensare. Maganin ƙazuwa na shafawa ne, daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba. Malamin asibiti zai faɗi awa nawa za a bar shi, da ranar da za a maimaita, da yadda a ke yi wa jariri da mai ciki. Kowa da ke gidan sai ya shafa rana ɗaya, da mai susa da wanda bai fara ba. Ran nan kuma a dafa tufafi da mayafai. In an bar mutum ɗaya, shi zai mayar wa sauran. Ƙaiƙayin ya kan ɗan daɗe, har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba alamar magani bai ci ba ne. A yanke wa yara farce. Malaman tsangaya, in almajiri ɗaya ya fara, a kawo su duka.

Makeron kai ba ya jin na shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha na makonni. Kada a sayi man shafawa mai haɗe-haɗe a hannun masu talla, ya kan kwantar da ƙaiƙayin, cutar kuwa tana yaɗuwa a ƙarƙashi. Kada a shafa baƙin mai ko ruwan batir.

Alamu huɗu ba a kwana da su: ƙurji mai baƙar tsakiya da kumburi, musamman ga wanda ya taɓa fata ko mushe, zazzaɓi tare da ƙuraje masu ruwa da kaluluwa, kumburin fuska da jan fitsari ga yaro, zazzaɓin da ya tafi ya komo a gidan da ke da kwarkwata. A tafi asibiti mafi kusa, in ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Ka gaya wa likita gaskiya, har da abin da boka ya ba ka. Ba a kama kowa don ya faɗi, ba a kuwa yi masa dariya. Mu dai so mu ke mu san abin da za mu yi wa magani.

Maigida, itacen tafasa tukunya ɗaya da sabulu guda ba su kai kuɗin motar zuwa asibiti ba. In ka gama da wannan takarda ka miƙa wa maƙwabcinka, gama yaranku tare su ke wasa, tare su ke kwana a makaranta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.